Yoyon Mai a Motar Malamin Gona

Motocin yanzu ba sa magana da mutum. Sai a kawo mota tana sheƙi, mai ita ya ce wata fitila ce ta kama a gabansa, a jona mata na'ura, na'urar ta rubuto abin da ke damunta, a ciro abin a jefar a sa sabo. Shi ke nan, wai an yi gyara. Ni da na ƙare rayuwata kunnena a jikin inji, yau sai in zauna a kan benci a bakin garejin da na kafa da hannuna ina kallon 'ya'yana suna latse-latse, in na sa baki su ce, "Baba, ka huta." To, na huta. Ba na faɗa da zamani, ciwon gwiwa ma ya ishe ni. Amma makon jiya wata mota ta shigo garejin nan da ƙarar da na gane tun kafin ta karyo kwana, kuma tun daga ranar kaina yake a ɗaure. Na rasa wanda zan gaya wa ya fahimta, shi ya sa nake zayyana abin daga farko ko ni kaina zan gane shi.

Tudun Wada ba haka take ba sanda na tashi. Inda shagunan waya suka jeru yanzu, keke da acaɓa suna rige-rigen hon, da fili ne da itatuwan dalbejiya, kuma mota in ta wuce har leƙowa ake yi a ga ta wane ce. Da safe abin da za ka ji shi ne dakan mata a turmi, da kukan jirgin ƙasa can daga nesa, sai kuma gudumar garejin Maigidana tana amsawa. A nan na koyi aiki. Aikin kuwa ba da sifana ake fara shi ba, da tsintsiya ake farawa. Ka share fili, ka ɗebo ruwan lagireto, ka zauna da rabin galan na kananzir kana wanke notuna ɗaya bayan ɗaya har fatar yatsunka ta tsage. Sai ka yi shekara kafin a bar ka ka kwanta a kan kwali a ƙarƙashin mota. Warin baƙin mai kuwa ya bi jikinmu har wurin sallar Juma'a, duk sabulun da muka ƙarar a banza.

Maigida mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, amma in ya yi ta sai ta zauna maka a ƙirji. In aka kawo mota, ba ya tambayar mai ita komai. Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Can sai ya ɗago ya faɗi ciwon, kuma da wuya ya kuskure. Abin da ya fi nanata mana shi ne, "In za ka kwance abu, ka duba yadda ka same shi, ka sa masa alama." Na ji wannan magana har na gaji da ita. Sai dai akwai abu ɗaya da ba ya koya wa kowa, wato saita taimin, daidaita lokacin da wuta za ta kai ga kowane fulogi. Haka al'adar masu gidan wancan lokaci take. Suna riƙe wannan sai ranar yaye, ranar da za ka kawo goro da dabino, a tara dattawa a yi maka addu'a, a miƙa maka sifanoninka, sannan a ja ka gefe a nuna maka. Kafin ranar, duk sanda aikin taimin ya taso, sai Maigida ya aike mu sayen goro, ko ya juya mana baya ya baza babbar rigarsa.

Ni ban jira ranar ba. Na yi shekara bakwai, na tsayar da gemu, har na yi aure, kaina ya kumbura, na ga babu abin da ya rage mini. Wata safiya kawai na kwashe 'yan kayana na kafa rumfa a gindin wata dalbejiya kusa da masallacin unguwa, ba sallama ba neman albarka, kuma tsakanina da garejin Maigida bai fi tafiyar minti biyar ba. Bai aiko ba, bai yi faɗa ba. In ya zo wucewa a kan kekensa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya, barka da aiki." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikin waɗanda suka biyo ni akwai wani malamin gona, ma'aikacin gwamnati, yana zaune wajen Gyallesu. Ya girme ni da 'yan shekaru, mutum ne mai fara'a da son jama'a, ba a rasa shi a suna ko jana'iza. Motarsa jif ce koriya mai rufin tamfol, irin ta shiga daji, da ita yake zagaya ƙauyuka. Ina ji da wannan mota ƙwarai, don duk wanda ya gan ta a gindin dalbejiyata ya san ba faci nake yi ba. Wata rana a tsakiyar damina, da hantsi, sai ga shi ya zo a gaggauce, fuskarsa ba yadda na saba ganinta ba. Ya ce an aiko masa mahaifinsa ba lafiya a ƙauyensu, zai je ya ɗauko shi ya kawo shi asibiti. Ƙauyen yana ƙetaren wani rafi marar gada, in ruwan sama ya sauka da ƙarfi babu mai ƙetarewa sai ya janye. Ya ce in duba masa mai da ruwa kawai, yana so ya je ya dawo kafin magariba.

Na ɗaga bonet, sai na ga gefen inji sharkaf da baƙin mai. Na bi sawunsa da yatsa har gindin distiributa. Yaran yanzu ba su san ta ba, ita ce mai raba wuta. Kamar kofi take da murfi, wayoyin fulogai suna fita daga kanta, a ciki akwai wani ɗan hannu da muke kira rota yana juyawa yana miƙa wa kowace waya wutarta a kan lokaci. Ƙafarta tana shiga cikin inji ta kama haƙora, a wuyanta kuma akwai 'yar roba kamar zobe, ita ke tare mai. Robar ce ta bushe.

"Malam, motarka tana yoyo," na ce.

"Na sani, ta kwana biyu tana yi. Ƙara mata mai kawai, in na dawo ka gyara."

"Haba Malam! Daji za ka shiga da marar lafiya. Ni ba zan bar mota ta fita daga hannuna haka ba. Aikin awa ɗaya ne."

Ya dubi gabas, sama tana fes a lokacin. Ya ce, "Ka tabbata awa ɗaya?"

Na ce, "Ko ba ta kai ba."

Gaskiyar da ban taɓa musu da ita ba ita ce, galan ɗaya na mai a bayan motar nan zai kai shi ya dawo da shi har sau uku. Na san haka a lokacin da nake maganar. Amma akwai mutane zaune a inuwa suna jinmu, kuma ina so labari ya kai kunnen Maigida cewa na kwance distiributa ni kaɗai na mayar. Ai ba sai na san taimin ba, in dai na sa alama. Na ɗauki ƙusa na karta layi a jikin distiributa zuwa jikin inji, na karta wani a inda bakin rota yake kallo, sannan na zare ta a hankali. Don burgewa har fulogai na cire duka na jiƙa a fetur. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, saboda haka na bar ta a giya, na sa dutse a tayar baya. Robar kuwa sai a Sabon Gari. Na ce wa Malam ya zauna a benci yanzu zan dawo, na hau kekena. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba, kuma wannan kalmar da ban faɗa ba ita ce ta bi ni har tsufa.

Mai shago na farko ba shi da irinta, na biyu ya ba ni wadda ta yi girma, na uku ya rufe ya tafi cin abinci. Ban dawo ba sai bayan azahar. Na tarar da mota a inda na bar ta, dutse a gindin taya, giya a ciki, Malam a kan benci yana kaɗa ƙafa. Na lura kafaɗar rigarsa ta yi datti, ban kawo komai a raina ba. Maƙwabcina mai facin keke ya ce mini wata tsohuwa ta bayan masallaci ta rasu, har an yi mata sallah an kai ta. Na ce Allah ya jiƙanta, na sunkuya a kan aikina. Na sa sabuwar roba, na zura distiributa. Ta ɗan ƙi zama, na girgiza ta har ta zauna. Layin jiki ya hau kan layi, bakin rota ya kalli alamarsa, komai cif. Na ɗaure, na mayar da fulogai da wayoyi, na goge hannuna da tsumma a hankali don kowa ya gani, na ce, "Malam, bismillah, tayar."

Ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, sai ji muka yi tas! Wuta ta yi tsalle ta bakin kafireta, mutanen inuwa suka watse.

Daga nan kaina ya kulle. Na duba alamomina, suna nan daidai. Na ƙirga wayoyin fulogai, kowace tana gidanta. Na ce to kwantak ne, na goge shi na mayar. Tas! Na ce koyil ne, na aro wani. Tas! Na kwance kafireta na hure ta da bakina har na haɗiyi fetur. Na sake zare distiributa na sake mayarwa a kan alama, sau uku, ko sau huɗu, na manta. Motar da ta shigo da ƙafarta tana rera ƙara, ban taɓa mata komai ba sai roba guda, ga shi ta zama gawa a hannuna. Ko sau ɗaya ban zargi alamar ba. Ta yaya zan zarge ta, ni na karta da hannuna, kuma abin da aka koya mini ke nan shekara bakwai? Har na fara tunanin ko hannu aka sa mini, na riƙa waiwayen masu kallo ina neman mai mugun ido. Gumi yana zuba a idona, Malam yana tsaye a kaina yana cewa, "Mene ne? Me ya faru?" ni kuma ina cewa, "Ƙaramin abu ne, yanzu za ta tashi."

Da aka kira la'asar gabas ta fara haɗewa. Mai faci ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kai, aje girman kan nan, je ka kira Maigidanka." Na yi kamar ban ji ba. Malam da kansa ya ce, "Ko dai a kira shi ne? Ga shi nan kusa." Na ce, "Malam, na gano wurin, minti goma." Ƙarya nake yi, ban gano komai ba. Batir ya mutu, na tafi neman wani, ina dawowa iska ta taso. Kafin magariba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a ƙarƙashin rumfata mai yoyo, Malam ya zuba wa ruwan ido. Ruwan nan bai ɗauke ba sai asuba.

Gari na wayewa na nufi gidan Maigida. Na same shi a zaure yana shan koko. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai, na faɗa masa komai. Na shirya jin "Injiniya", amma bai faɗa ba. Ya ajiye ludayi ya ce, "Mahaifinsa ka ce? Kuma ka kwana ba ka zo ba?" Ya zura takalmi muka fito. Malam ba ya wurin, ya tafi tasha neman wata motar da za ta iya hanyar. Maigida ya cire fulogi na farko, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce in juya injin da hannu a hankali. Ina juyawa, ina juyawa, sai iska ta ture yatsan, fus. Ya ce, "Tsaya." Ya nuna mini wani ɗan tsagi a jikin fulin gaba, ƙarfen nan da bel yake zagayawa, ya daidaita shi, ya ce, "Nan ne wuta take zuwa wa fulogi na ɗaya. Buɗe murfi ka gani." Na buɗe, bakin rota yana kallon wani wuri dabam, nesa da wayar na ɗaya. Abin da na yi shekara bakwai ina jira ke nan, bai kai tsawon shan kokon da ya bari ba, kuma ga shi an nuna mini shi a bakin titi, ba goro ba addu'a.

"An juya injin nan bayan ka zare ta," in ji Maigida.

"Wallahi, Maigida, ban juya ba. Ga alamata."

"Alamarka tana nan. Injin ne ya tafi ya bar ta." Ya waiwaya wajen mai faci, wanda yake buɗe rumfarsa. "Jiya an motsa motar nan?"

Mai faci ya ce ƙwarai kuwa. Da aka fito da gawar tsohuwar nan, jama'a sun yi yawa, sahu ya zo har gindin dalbejiya, mota ta tare wuri. Malam ne da kansa ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku kama mu tura ta." Shi ya fara sa kafaɗa. Sun tura ta taku uku ko huɗu tana nauyi, sannan ya tuna tana giya, ya zura hannu ya fitar. Da aka idar suka dawo da ita inda take, ya mayar da giya, ya mayar da dutse, don kada bakanike ya dawo ya ga an taɓa masa aiki. Taku uku ko huɗun nan a giya, ba fulogai, su suka juya injin.

Wani sanyi ya ratsa ni, har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce, "Ashe ba ni ba ne! Bari Malam ya zo ya ji." Maigida ya zare distiributa, ya mayar da ita daidai, ya tayar da motar a bugu ɗaya. Sannan ya kira ni da mai faci, ya rage murya.

"Ka gaya masa kada a motsa ta?"

Na ce a'a.

"To. Mutum ya tashi ya buɗe wa gawa hanya, ba ka gaya masa komai ba. In tsohon nan ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, kana so ɗansa ya rayu yana cewa da kafaɗarsa ya hana kansa zuwa? Kai za a zage ka shekara ɗaya ko biyu a manta. Shi babu ranar da zai manta. Maganar nan ta tsaya a nan, ku biyun nan kun ji ni."

Malam ya dawo daga tasha bai samu mota ba, ya tarar da tasa tana aiki, ya shiga ya ja ba tare da ya dube ni ba. Ya isa rafi ya tarar ya cika ya batse. Kwana uku ya yi a bakinsa. A rana ta biyu mutanen ƙauyensu suka zo ɗaya gaɓar, suka ɗaga murya a kan ƙarar ruwa suka gaya masa mahaifinsa ya cika, kuma ba za su iya jira ba. Yana tsaye a nan aka binne shi a can.

Na je ta'aziyya, ya ba ni hannu yana kallon wani wuri. Bai sake kawo mini mota ba. A unguwa kuwa sunana ya zama bakaniken da ya kwance lafiyayyar mota ya hana mutum ganin ubansa. Matata ta ji a gidan biki ta dawo tana kuka. Gindin dalbejiya ya bushe, na kwashe kayana na koma wajen Maigida na ƙara shekara biyu, sannan aka yaye ni yadda ake yi. Sau da yawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, musamman in wani marar kunya ya jefa mini ita a cikin wasa, sai in tuna fuskar Maigida in haɗiye. Shi ya ce shekara ɗaya ko biyu, amma ba haka ta kasance ba, tsofaffin unguwa har gobe suna tunawa. Maigida ya rasu, mai faci ya rasu, aka sare dalbejiya aka yi shaguna. Ni da Malam muka tsufa muna haɗuwa a jana'iza, "Malam, ina wuni," "Lafiya lau," kowa ya kama gabansa. In na zauna ni kaɗai ina auna abin, sai in ce laifina ne da na dage, sai in ce ai da ba a tura ba da an gama cikin awa uku, sai in ce da na kira Maigida da la'asar da Malam ya ƙetare, sai in ce kwanan tsohon ne ya ƙare. Kowace na kama sai ta zille. Abu ɗaya kawai nake riƙe da shi da ƙarfi, cewa na ɗauke wa wani bawan Allah kayan da bai san da su ba, kuma in na rasa komai ina da wannan.

To, motar da ta shigo makon jiya ita ce. Korenta ya koɗe, tamfol ya sha faci, amma ƙarar tana nan. Babban ɗan Malam ne ya tuƙo, shi ma har ya fara furfura, Malam yana gefe da sanda. 'Ya'yana suka zagaye ta suna dariya, wai ba su ga inda za a jona na'ura ba. Na ce su matsa su ba ni wuri. Na ɗaga bonet, ga baƙin mai a gindin distiributa, na goge da tsumma, sai ga layukan ƙusata guda biyu kamar jiya na karta su. Malam ya sallami ɗansa ya ce ya dawo da yamma, ya sa aka ajiye masa kujera kusa da ni. Na yi alama, na zare distiributa. Can ya ce, "Alhaji, ni na tura ta."

Na ajiye sifana.

Ya ce shekara ɗaya bayan rasuwar mahaifinsa, wani bakanike a unguwar Hanwa ya zare masa ita wannan abar, ya daka wa mutane tsawa kada wanda ya jingina da motar. Ya tambaye shi dalili, aka yi masa bayani. Ya ce a nan ƙasa ya zauna, a cikin baƙin mai, da fararen kayansa.

"Tun ranar na sani," ya ce. "Sau uku ina zuwa har kusa da garejin nan ina juyawa. Muddin mutane suna cewa kai ne, ina iya shiga cikinsu. Na bar ka da shi ina sane." Ya dube ni da idanun da suka yi fari-fari. "Kai yaushe ka sani?"

"Washegari."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Maigida ya hana."

Ya daɗe yana gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ka yafe mini."

Wallahi ban san abin da na ji ba, kuma har yanzu ban sani ba. Haushi ya taso mini, irin wanda ban ji ba tun ina saurayi. Shekara da shekaru ina rufa wa mutum asirin da yake riƙe da shi a aljihu, yana kallon ana nuna ni da baki! Sai kuma tausayi ya danne haushin, don ni zagi na sha, shi kuwa abin da Maigida ya ji masa tsoro bai fasa samunsa ba, kuma shi kaɗai ya ci shi. Sai kunya ta biyo baya, don ni ne na ce awa ɗaya, ni ne na ƙi tafiyar minti biyar. To shirun da na yi, wa ya amfana? Maigida ya yi daidai ko ya yi kuskure? Na so a ce yana raye in durƙusa in tambaye shi. Bakina dai ya ce, "Malam, ni ma ka yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya," amma zuciyata tana can baya ba ta iso ba tukuna.

Robar ba ta samuwa a kusa, yanzu ma sai Sabon Gari, wajen masu tsofaffin kaya. 'Ya'yana suka ce za su je, na ce ba su san ta ba. Na tsayar da keke mai taya uku, na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai na juyo na ce, "Malam, zan je in samo roba. Kada a motsa motar nan."

Na yi awa uku ina yawo kafin in samu. Da na dawo, inuwa ta daɗe da barin wurin, rana tana dukan fili. Malam ya ja kujerarsa har gaban motar, sanda a kan cinya, tafin hannunsa ɗaya a kan bamba. 'Ya'yana suka ce sun yi sun yi ya koma inuwa ya ƙi, azahar ma a nan gefenta ya shimfiɗa darduma. Ya ɗago ya ce, "Babu wanda ya taɓa ta."

Na sa roba, na zura distiributa, ta zauna ba gardama, layi ya hau kan layi. Na murɗa makulli ta tashi a bugu ɗaya. Muka tsaya mu biyu muna sauraronta, aikin bai kai rabin awa ba, sama fes, kuma babu wanda za a je a ɗauko.